Leburorin Kwal da Kofin Lipton: Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta West Auckland



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan tarihin wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Ingila, wadda da wuya a sami mutum goma a wannan zaure da suka taɓa jin sunanta. Sunanta West Auckland, watau sunan garin da ta fito, wani ɗan gari na leburorin haƙar kwal a lardin Durham, can arewa maso gabashin Ingila. Tun da aka kafa ta a shekarar 1893 ba ta taɓa taka ƙafa cikin babbar gasar ƙasar ba. Amma duk baƙon da ya doshi garin zai tarar da allo a bakin hanya yana shaida masa cewa ya iso gidan Kofin Duniya na farko. Wannan magana ce babba a bakin ƙaramin gari, kuma ta cancanci a tsaya a duba ta, a ware abin da ya tabbata a cikinta daga abin da baki ya ƙara mata cikin shekara fiye da ɗari.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san matsayin irin wannan ƙungiya. Ƙwallon ƙafa a Ingila hawa-hawa ne kamar tsani. Hawa huɗu na sama su ne na ƙwararru masu cin abinci da ƙwallo, ƙungiyoyi 92 ke nan, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda samarinmu ke tayar da jijiyar wuya a kansu a gidajen kallo. Daga hawa na biyar zuwa ƙasa kuwa, sai a ce ƙungiya tana wajen babbar gasa. Ƙungiyoyin da ke nan sun fi na sama yawa nesa ba kusa ba, kuma in aka gangara ƙasa sosai za a tarar 'yan wasansu kowa da sana'arsa, wani magini, wani malamin makaranta, wani direba, sai ran Asabar su sa riga su shiga fili. West Auckland ta yi mafi yawan rayuwarta a wata gasa da ake kira Gasar Arewa, wadda aka kafa a 1889, shekara ɗaya tak bayan kafa babbar gasar ƙasar. An haɗe gasannin nan cikin tsani guda, kuma daga baya rukunin farko na Gasar Arewa ya zama hawa na tara.

Garin kansa kwal ne ya raya shi. Layin dogo na Stockton da Darlington, wanda aka buɗe a 1825 don jigilar kwal zuwa bakin ruwa, ta gefen garin ya ratsa, har ma injiniyan nan George Stephenson ya tsara masa wata gadar ƙarfe a kan kogin Gaunless da ke nan. Ba a daɗe ba aka haƙa ramin kwal a garin. Zuwa 1913, lokacin da haƙar kwal ta kai ƙololuwa a lardin Durham, mutum kimanin 165,000 ne ke aiki a ramukan lardin. Aiki ne na wahala da haɗari. Mutum yakan wuni a durƙushe ko a kishingiɗe cikin duhu da ruwa yana saran dutse, gidan da yake kwana na mai ramin ne, ran da aka sallame shi daga aiki ran nan yakan rasa matsuguni. Abin da ya rage masa wanda yake nasa na kansa bai wuce ƙungiyar ƙwadago da ɗakin ibada da yammacin Asabar ba. Shi ya sa kusan kowane ƙauyen kwal a lardin ya kafa ƙungiyar ƙwallo, kuma wasa tsakanin ƙauye da ƙauye ya zama abin da dambe yake a wurin mahauta a ƙasar Hausa, watau fagen da gari ke nuna wa maƙwabcinsa ko shi wane ne.

West Auckland ta yi shekara goma sha biyar tana fafatawa a ƙananan gasannin yankin, sa'an nan aka karɓe ta cikin Gasar Arewa a 1908. Ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba a shekararta ta farko. A nan ne labari ya haɗu da wani mutum wanda kowane Bahaushe ya san sunansa ko da bai san mutum ne ba. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ce a sa masa lifton, sunan Thomas Lipton ya ambata. An haife shi a birnin Gilasgo na Sikotilan a 1848, ya fara da ɗan kanti, ya yi arziki da kantunan abinci, daga baya ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. Mutum ne da ya san cewa kofi mai ɗauke da sunan mutum talla ne da ba ya tsufa. Tun a 1905 ya ba da kofin da Ajantina da Yurugwai suka riƙa karawa a kansa. To a 1909 sai ya ba da wani kofin don a yi gasa a birnin Turin na Italiya, tsakanin wakilan Italiya da Jamus da Suwizalan da Ingila.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta ƙi tura kowa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san halinta a wancan zamani, domin tana ganin ita ce uwar wasan, sauran ƙasashe kuwa 'yan koyo ne. Hukumar da ta fice daga FIFA har sau biyu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ba ta yarda ta shiga gasar Kofin Duniya ba sai 1950, ba za ta damu da gasar ɗan kasuwar shayi ba. Sai ga shi ƙungiyar leburorin kwal daga wani lungu na Durham ita ce ta bayyana a Turin a madadin Ingila.

Yaya aka yi goron gayyata ya kai West Auckland? A nan ne labarin baka ya fi armashi. Abin da aka fi faɗa shi ne wai Lipton ƙungiyar Woolwich Arsenal ta Landan ya yi nufin gayyata, watau Arsenal ɗin da aka sani a yau, sai wani akawu ya ga haruffan farko na sunan, W da A, ya aika wa West Auckland takardar bisa kuskure. Labari ne mai daɗi, amma ba shi da takarda ko ɗaya da ta tsaya masa, kuma hankali ma ba ya ɗaukarsa sosai, don ba a aika wasiƙa da haruffa biyu ba adireshi. Bayanin da ya fi kama hanya shi ne wani wanda ke da alaƙa da Gasar Arewa, kuma yake da hannu cikin shirin, shi ya nemo ƙungiya daga can da manya suka ƙi. Abin lura a nan ga mai nazarin adabin baka shi ne dalilin da ya sa labarin kuskuren ya fi yaɗuwa. Siga ce da aka sani a tatsuniya da almara ta kowace al'umma: an shirya wa ɗan sarki abu, ƙaddara ta karkatar da shi zuwa ga maraya, maraya kuma ya fi ɗan sarki cika alkawari. Masu sauraro da suka saba da tatsuniyoyin 'yar bora da 'yar mowa ba su bukatar a yi musu dogon bayani. Mutanen garin ba ƙarya suka zauna suka shirya ba. Sun tarar da giɓi ne a cikin abin da suka sani, suka cike shi da sigar da ta fi dacewa da yadda suke ganin kansu a gaban mutanen Landan.

Har wa yau ana cewa 'yan wasan sun jinginar da kayan ɗakinsu kafin su haɗa kuɗin tafiya. Wannan ma daga baki aka gada, sai dai shi yana da ƙamshin gaskiya, domin lebura in bai shiga rami ba babu lada, ga kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa, a ƙetare teku, a ratsa Faransa, a wuce duwatsu zuwa Italiya.

Abin da ya faru a fili kuwa a rubuce yake, ba gardama. An yi gasar ne a hutun Ista. Ran 11 ga Afrilu 1909 West Auckland ta ci ƙungiyar Sportfreunde ta birnin Stuttgart na Jamus biyu da nema. Kashegari, ran 12 ga wata, ta ci Winterthur ta Suwizalan biyu da nema a wasan ƙarshe, kyaftin ɗinta Bob Jones ya karɓi kofi. Bayan shekara biyu aka sake kiranta don ta kare kofin. Ta ci ƙungiyar Zurich biyu da nema, sa'an nan ran 17 ga Afrilu 1911 ta haɗu da Juventus, a garin Juventus, ta lallasa ta da ci 6 da 1. Tun da ta ci kofin sau biyu a jere, sai aka bar mata shi ya zama nata.

Wanda ya ji an ce leburori sun zura wa Juventus ƙwallo shida zai iya ɗauka abin al'ajabi ne. Ba al'ajabi ba ne, kuma faɗin haka ba rage musu daraja ba ne. A wancan lokaci ƙwallo a Italiya jariri ne. Ƙungiyar Genoa, wadda ta girmi sauran, Ingilishi ne suka kafa ta a 1893, watau sa'ar West Auckland ce. Juventus 'yan makaranta suka kafa ta a 1897, rigarta mai ratsin fari da baƙi ma daga Ingila aka aiko mata da ita. Masu buga ƙwallo a Turin da Zurich akasarinsu ɗalibai ne da 'ya'yan masu hali, suna yi don motsa jiki. Su kuwa mutanen Durham tun suna yara suke buga ta, kowane mako suna karawa da maƙwabta a filaye masu taɓo, gaban 'yan kallo waɗanda ba su yafe wa rago. Ƙungiyar da ke can ƙasa a Gasar Arewa ta fi zakarun wasu ƙasashe gogewa. Abin da ya faru a Turin ma'auni ne na ratar da ke tsakanin Ingila da maƙwabtanta a farkon ƙarnin, ratar da aka cike cikin shekara arba'in, har Hangare ta zo Wembley a 1953 ta ci Ingila 6 da 3.

To, Kofin Duniya ne ko ba shi ba ne? In za a bi ƙa'ida, ba shi ba ne. Ƙungiyoyi ne suka kara, ba ƙasashe ba, su huɗu kacal, duk daga yammacin Turai. Ba shi ne ma na farko a irinsa ba, don a 1908 an yi wata gasa makamanciyarta a Turin ɗin, wadda Servette ta Suwizalan ta ci. Kofin Duniya na FIFA a Yurugwai aka fara shi a 1930. In an matsa sai an nemo wa Kofin Lipton jika, to gasar zakarun ƙungiyoyin Turai ta fi kama da shi. Amma gari ba ya rubuta irin wannan dogon sharaɗi a kan allo.

Murnar ba ta daɗe ba. Tafiya biyu zuwa Italiya ta bar ƙungiyar cikin bashi. Masaukin da take taruwa a garin ana kiransa Wheatsheaf, sai matar da ke riƙe da shi, Misis Lanchester, ta ba ta rancen fam 40, aka ajiye mata kofin jingina. Fam 40 a lokacin wahalar watanni ce ga mai saran kwal. Ba a iya biya ba. A 1912 ƙungiyar ta fita daga Gasar Arewa, ta watse. Watau shekara guda bayan ta ci Juventus, ba ƙungiya, ba kofi. An sake kafa ta a 1914 da sunan West Auckland Town, sai ga yaƙi ya ɓarke, kuma ba ta koma Gasar Arewa ba sai 1934. Kofin kuwa ya zauna a hannun iyalin matar nan shekara kusan hamsin.

Wannan bashi yana nuna wata matsala da ta dabaibaye ƙwallon yankin duka. A lokacin Gasar Arewa gasa ce ta 'yan sha'awa, watau doka ta hana a biya ɗan wasa. Dokar kuwa 'ya'yan masu kuɗi na kudu ne suka tsara ta daidai da aljihunsu. Wanda ubansa ke da gidaje yana iya buga ƙwallo kyauta, amma wanda zai bar aikin wuni don ya je wasa dole wani ya cike masa gurbin. Sai aka riƙa biya a ɓoye da sunan kuɗin shayi. Asiri ya tonu a kakar 1927 zuwa 1928, aka fara bincike daga ƙungiyar Crook Town, maƙwabciyar West Auckland, har aka dakatar da 'yan wasa fiye da 300 a lardin. Duk da haka wannan ɗan yanki shi ya mamaye Kofin 'Yan Sha'awa na Ingila. Bishop Auckland, wadda tsakaninta da West Auckland bai fi mil uku ba, ta ci shi sau goma, uku a jere daga 1955 zuwa 1957. Crook Town ta ci shi sau biyar. Da su biyun suka haɗu a wasan ƙarshe na 1954, mutum 100,000 ne suka cika Wembley don kallon ƙauyuka biyu.

A nan akwai wata 'yar alaƙa da ƙasarmu. Tawagar farko da Nijeriya ta tura waje, wadda ta je Ingila a 1949 ƙarƙashin kyaftin Etim Henshaw, da Teslim Balogun a gaba, akasarinsu suna wasa ba takalmi, ba manyan ƙungiyoyi aka haɗa ta da su ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi na 'yan sha'awa ta kara da su, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce Bishop Auckland, wadda ta ci Nijeriya 5 da 2. Ashe ɗaya daga cikin ma'aunan farko da aka gwada ƙwallon Nijeriya da su a waje, daga garuruwan kwal na Durham aka ɗauko shi.

West Auckland ta daɗe a inuwar waɗannan maƙwabta kafin nata lokacin ya zo. Ta zama zakarar Gasar Arewa a 1960, ta sake zama a 1961, kuma a shekarar ta kai wasan ƙarshe na Kofin 'Yan Sha'awa a Wembley, inda Walthamstow Avenue ta Landan ta ci ta 2 da 1. In da za a auna da ƙarfin abokan karawa, wannan tawaga ta fi ta 1911 yin abin yabo, amma kaɗan ne ke tunawa da ita a wajen garin. A cikin wannan zamani na farin ciki ne, a 1960, jama'ar gari suka yi karo-karo suka tara fam 100, suka fanso kofin Lipton. Ba hukuma ce ta biya ba, ba kuma wani attajiri ba.

Daga nan sai ƙasa ta fara zamewa ƙarƙashin ƙafar garin. An rufe ramin kwal na West Auckland a 1967, kamar yadda aka yi ta rufe ramukan yammacin lardin a waɗannan shekaru. Talabijin ya shiga gidaje, mota ta yawaita, saurayin da a da ba shi da wurin zuwa ran Asabar sai filin garinsu, yanzu yana iya tafiya Newcastle ko Sunderland. A 1974 hukumar ƙwallo ta soke bambanci tsakanin ɗan sha'awa da ƙwararre, Kofin 'Yan Sha'awa ya mutu, aka maye gurbinsa da wani ƙaramin kofi mai suna Vase. Gasar Arewa kuma ta yi taurin kai, ta ƙi shiga tsanin ƙasa sai 1991, bayan manyan ƙungiyoyinta da yawa sun gudu sun bar ta. Zuwa ƙarshen 1993 babu sauran babban ramin kwal ko ɗaya da ke aiki a Durham.

Abin sha'awa shi ne, a daidai lokacin da kwal ke ƙarewa ne labarin Turin ya ƙara girma. A 1982 gidan talabijin na Tyne Tees ya shirya fim a kansa, fitaccen ɗan wasan kwaikwayo Dennis Waterman ya fito a matsayin Bob Jones. Fim ɗin ya fito ne shekara biyu kafin babban yajin aikin mahaƙan kwal na 1984 zuwa 1985, lokacin da ake jayayya a Ingila a kan ko garuruwan kwal suna da sauran amfani. Daga wannan fim ne mutanen Ingila da yawa suka fara jin labarin, kuma da yawa daga abin da ake ba baƙo a yau a matsayin tarihi, ta hannun masu fim ya biyo. Wannan abu ne da masu tattara tarihin baka a ƙasar Hausa suka sha cin karo da shi: a je wurin dattijo neman abin da ya ji daga kakansa, a tarar abin da ya ji a rediyo ko ya karanta a littafin makaranta ya riga ya gauraye da shi, shi kansa bai san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Suna kuwa yakan jawo ido. A watan Janairu na 1994 ɓarayi suka shiga gidan taruwar ma'aikata na garin, inda ake ajiye kofin, suka yi gaba da shi. An sa lada, 'yan sanda sun yi bincike, ba a gan shi ba. Kamfanin Unilever, wanda shi ke da shayin Lipton a lokacin, ya ɗauki nauyin ƙera wani irinsa sak, aka ba garin.

Ƙungiyar dai ta ci gaba da fita fili. A 2009, don cikar shekara ɗari, ta koma Italiya ta kara da matasan Juventus, aka ci ta 7 da 1. Juventus ta rama ke nan, har da ribar ƙwallo ɗaya. A 2012 ta kai wasan ƙarshe na kofin Vase a Wembley, Dunston ta ci ta biyu da nema. A 2013 aka kafa mutum-mutumin tagulla a dandalin tsakiyar garin, ɗan ƙwallo da mai haƙar kwal tare a kan dakali guda. A 2014 ta sake komawa Wembley, Sholing ta ci ta ɗaya da nema. Sau uku ke nan tana zuwa Wembley wasan ƙarshe, sau uku tana komowa hannu rabbana. Kofi mafi daraja da ta taɓa ɗauka har yanzu shi ne wanda ta ciwo a Turin, wanda bai daɗe a hannunta ba kafin jingina, ya dawo ya yi shekara 34, kuma wanda ake nuna wa baƙo a garin a madadinsa an ƙera shi ne bayan an rufe ramin da kusan shekara talatin.